Maki Ashirin da Uku

A ƙofar ɗakin jarrabawar baka a Padova, Corinne, 'yar Kanada mai koyon Italiyanci, ta zauna kusa da wani mai furfura. Ta ɗauka malami ne.

"Nawa suka ba ki?" in ji shi.

"Ashirin da uku cikin talatin. Ban sa hannu ba tukuna."

"Kada ki soma! A nan ɗalibi yana iya ƙin makinsa, ya dawo wani zaman."

"Farfesa, Juma'a jirgina zai tashi."

"Ku baƙi gaggawa ke cin ku. Kuma wane farfesa? Layi nake bi."

"Sau nawa ka ƙi naka?"

Ya shafa gemu. "Yau zuwana na tara ke nan."

Corinne ta miƙe. "Don Allah ara mini bironka."