Karan Shinkafar da Na Binne a Fadama

Malam mai gabatar da shiri, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Saratu daga Hanwa. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Muna noman shinkafa a fadama. Da can in an gama sussuka ƙona karan muke yi, amma hayaƙin yana tayar wa 'yata Ladi da ciwon asma. Sai na daina. Bara na tattake karan cikin taɓo, na sakar masa ruwa ya ruɓe ya zama taki. Shinkafa ta yi kyau.

Ranar Lahadi ƙanwar mijina, mai karatun aikin gona a Samaru, ta zo, na dafa mana shinkafar. Da na ba ta labari sai ta ajiye cokali ta ce, "Yaya, kara in ya ruɓe a ruwa kwance yana iya sako wata guba mai suna asenik, shinkafa ta sha. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Amma ba kowace ƙasa ba, sai an gwada."

Maigida ya yi dariya ya ce, "Ai kin cinye rabin kwanon kafin ki tuna."

Ni ban yi dariya ba. Na ɗaure bakin buhun shinkafar, tuwon masara muke ci tun ranar.

Don Allah Malam, ka kawo mana masani. Ina ake gwada ƙasa? In ƙona karan bana Ladi ta yi tari, ko in binne? Jiya ma ta tambaye ni laifin me shinkafa ta yi.