Wayata ta tona asirin cikin ɗiyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Birnin Kebbi nake rubutowa, a sakaya sunana.

Ɗiyata da ke aure a Argungu ta samu ciki bayan ɓari biyu, muka yi shiru. Sau ɗaya na bincika abincin masu juna biyu a wayata. Ina nuna wa maƙwabciyata hotunan biki, sai ga tallan kayan jarirai ya fito a wayar. Ta ce, "Hajiya, ke ce ko ɗiyar?" Kafin la'asar unguwa ta ji.

Yanzu yarinyar ta daina ɗaga kirana, wai na yi surutu. Mai laɓe a bayan ƙofa, munafuki muke kiransa. Kamfanin da ya laɓe mana a waya, har ya sayar da abin da ya ji, me sunansa? Masu sauraro, yaya zan yi ta yarda ba bakina ba ne?