Wa Ke Ba Shi Ayaba?

A ɗakin jiran awon jarirai, wata dattijuwa ta leƙa fuskar jaririn da ke cinyar matar da ke zaune kusa da ita.

"Watansa nawa, 'yata?"

"Huɗu, Inna."

"To me ya kai ayaba gefen bakinsa? Kin yi gaggawa. Nono zalla za ki ba shi sai ya cika wata shida, wuyansa ya tsaya, yana iya zama. Sannan ki murje abu mai laushi, ki fara da cokali ɗaya."

"Wallahi ba ni nake ba shi ba. Daga ni sai shi a gidan, babansa ya yi tafiya. In na fito daga wanka sai in tarar yana lasar baki, ga ƙaramin cokali a jiƙe kusa da shi."

"Wa ke da makullin gidan?"

"Surukata kaɗai. Ta sha cewa ita za ta fara ba shi abinci."

"To ki lallashe ta, ta dakata tukuna."

"Inna, ina da cikinsa aka binne ta."

Jaririn ya juya ya kalli gurbin da ke tsakaninsu, inda ba kowa, ya buɗe baki.