Ba Za Mu Rufe Ɗakin Malam Abdulwahab Ba

Da sunan Allah muke farawa, muna salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dagatan Alelu da Katanga da Mungadi, shugabannin makarantu da suka taso daga Aliero da Maiyama, iyayenmu mata da ke bayan rumfa. Inna Adama, mahaifiyar marigayi. Malama Salma, uwar 'ya'yansa. Mardiyya da Hamidu: assalamu alaikum.

Sunana Maccido Katanga. Sana'ata albasa, kuma ni ne shugaban kwamitin ɗakin kwamfuta na nan Jega. An ce in yi magana a madadinmu duka game da Malam Abdulwahab Ɗalha, wanda Allah ya karɓa bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wannan hukunci mun karɓe shi hannu biyu, ba mu da ja.

Ya kasance malamin kimiyyar kwamfuta, amma ranar da ya fara zuwa wurinmu a kasuwar albasa ba karatu ya kawo mana ba, tambaya ya kawo. Ya ce, “Alhaji, ɗiyanku nawa sunka taɓa taɓa kwamfuta kahin ranar jarrabawa?” Muka yi shiru. Jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta, yaranmu kuwa sai sun zauna a ɗakin jarrabawa suke fara ganin ta. Daga wannan shirun aka haɗa hannu aka gina ɗakin nan, aka zuba masa laftof na hannu guda arba'in.

Ya kasance mai hawa babur ya bi ƙauyuka yana lallashin iyaye. A Mungadi ya zauna da wani dattijo tun azahar har la'asar a kan 'yarsa ɗaya. Dattijon ya ce ba zai bar ta ta je wani gari ta kwana don jarrabawa ba. Malam ya ce, “Baba, ba ta kwana. Nan Jega za ta yi ta, ta dawo ta iske tuwo da zahi.” Daga nan ya duƙufa har aka amince ɗakinmu ya zama cibiyar jarrabawa.

Ya kasance mai taurin kai. Na faɗa a gaban mahaifiyarsa, ga ta nan tana gyaɗa kai. In ya ga gaskiya a wuri, sai dai ka gaji ka bar shi.

Bana, daidai lokacin cire albasa, masu shirya jarrabawa suka aiko da sabon sharaɗi: duk cibiyar da kwamfutocinta ba su hau sabuwar manhajar da ke tafiyar da na'ura ba, ba za a yi jarrabawa a cikinta ba. Malam ya ɗauki laftof ɗaya ya fara ɗora mata. Ta ƙi. Ya ɗauki ta biyu, ta ƙi. Duk arba'in ɗin amsa ɗaya suka bayar, wai sabuwar manhajar ba za ta zauna a kan faifan ajiyarsu ba, don an tsara faifan ne da tsohon tsari mai suna MBR, ita kuma sai wanda ake kira GPT.

Ya kira kwamiti. Na ce masa, “Malam, ka yi muna Hausa.” Ya ce, “Alhaji, gona ce anka yi wa kunyar gero, yanzu ana son dasa albasa. Sai an mai da ita fangali. Matsalar ita ce akwai shuka ciki.”

Shukar da yake nufi, kun san ta. Darussan lissafi da kimiyya ne da malamanmu suka yi shekaru suna naɗa da muryarsu, da Hausa, don yaron da Turanci ya tsare shi. Biyu daga cikin malaman nan sun riga mu gidan gaskiya. Ga kuma aikin gwajin kowane ɗalibi a kan na'urar da yake zama.

Hanya mai sauƙi ita ce a share faifan kakaf a fara sabo. Wani ya kawo wannan shawara. Wani kuma ya ce kwamfutocin sun tsufa, a sayar da su ga masu gwangwan, yara su tafi Birnin Kebbi kamar da. Malam ya miƙe, muryarsa ba ta ɗaga ba. Ya ce, “Ba a share su, ba a sai da su. Wagga na'ura lahiya lau take. Kuma na yi wa wani uba alkawali.”

Ya kwashe abin da ke cikin laftof ta farko ya adana a wani faifan dabam, sannan ya ba ta umarnin juya tsari. Ya kashe ta ya kunna a gabanmu. Fuskarta ta tsaya baƙa ƙirin. Ba ta tashi ba.

Ina nan tsaye, na ji wani ya ce, “To, ga ta nan an kashe.” Zufa na zuba daga gemun Malam, don rana ce ta zafi kuma babu wuta. Ya sake kunna ta, ya shiga saitin da ke fitowa tun kafin na'ura ta farka, ya sauya yadda take tashi daga tsohon yayi zuwa sabo. Ta yi ɗan jim, sai ga haske. Ya buɗe darasin marigayi Malam Shafi'u, ɗaya daga cikin malaman nan biyu da suka riga mu, muryarsa ta cika ɗakin yana koyar da rabawa. Babu wanda ya ƙara maganar masu gwangwan.

Ya kasance mai faɗin gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba. Laftof guda huɗu sun tsufa ƙwarai, ya ce ba za su hau ba, kada a yaudari kowa da su. Sauran kuma ya ƙi ya juya su da hannunsa. Ya zaunar da Malama Kubura, mai koyar da lissafi, da wasu malamai uku, ya harɗe hannu a bayansu. Kubura ta ce tana tsoron ta ɓata. Ya ce, “Ki ɓata ina nan, ya hi ki ɓata ba ni nan.” Masu dubawa daga wurin masu shirya jarrabawa suka zo suka amince. Yarinyar Mungadi ta yi jarrabawarta, ta kwana a ɗakin uwarta.

Yanzu ina da magana, kuma a gaban manya zan faɗe ta. Tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, mun ji ana cewa ɗakin nan ya mutu da mai shi. An ga wasu da igiyar awo suna zagaya ginin, wai zai yi kyau da ajiyar albasa. Ni ɗan albasa ne, ubana ma haka. Na san darajarta. Amma buhu ɗaya ba zai shiga ƙofar nan ba muna raye. Wanda ya auna, ya naɗe igiyarsa. Ba mu sayarwa, ba mu ba da haya, ba mu rufewa. Mutum huɗu ke nan zaune da suka iya abin da ya iya, shi ya tabbatar da haka da gangan. Ranar Litinin da safe Malama Kubura za ta buɗe aji, kuma duk uban da ya riƙe ɗansa a gida don ya ji jita-jita, mu za mu zo har ƙofarsa.

Inna Adama, kin haifi ɗa kin ba gari, garin kuma bai manta ba. Malama Salma, mun san sau nawa abincinsa ya huce yana wurinmu. Ki yafe mana, kuma ki sani ƙofar kowannenmu a buɗe take gare ki. Mardiyya, Hamidu, kujerunku na nan a ajin babanku. Ku zo ku zauna, ba alfarma aka yi muku ba, haƙƙinku ne.

Muna godiya ga duk wanda ya bar gonarsa ko rumfarsa ya zo, na kusa da na nesa. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Abdulwahab ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya duk harafin da yaro ya koya a ɗakin nan cikin mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Mu kuma da muka yi alkawari yau a gaban jama'a, ka ba mu ƙarfin cika shi, kada ka bar mu mu ji kunya ranar da za mu haɗu da shi. Amin.