Ƙofar da Na Binne da Hannuna

Assalamu alaikum. Mai girma Umda, shugaban garinmu, Alhaji Abdurradi. Shaihu Nubi limaminmu. Sufeton kayan tarihi. 'Yan'uwana masu kwando da fartanya. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku duka. Na gode da aka ba ni magana, ko da yake sai da shayi ya huce aka tuna da ni, Rayyis Shahhat, tsohon shugaban masu tono.

An tara mu ne mu sa hannu a roƙi gwamnati ta ƙara wa baƙi masu binciken tarihi kwanakin da ake yafe musu haraji, domin su dawo tono a hunturun nan. Ana ta raɗa wai ni zan ƙi. To, ku saurara.

Na farko, ku ba ku ga zamani ba. A da, sanyi na shigowa jirgin ƙasa zai sauke mana Turawa a Ƙift, jajaye kamar tumatir. Mu fita mu tamanin, kwando na bin kwando, waƙa na bin waƙa, hantsi ya yi mu zauna kan wake da albasa da tsohon cuku, Bature na ci yana hawaye. Ban yi makaranta ba, amma shekara arba'in yashi bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na biyu, ga ciwona. Doktora Halina, 'yar Poland, ita ce shugabarmu. Yarjejeniyar ƙasarta da tamu ta yanka mata kwanaki. In ta zarce ko da yini ɗaya, haraji ya hau albashinta duka. Saura mata kwana biyu fartanyata ta taɓa dutse. Ƙofar kabarin mutanen da ce, a rufe, da hatiminta.

Na ce, "Doktora, ƙara mana mako ɗaya!"

Ta ce, "Rayyis, masu haraji za su cinye ni ɗanya."

Na ce, "Me za su samu a jikinki? Ƙashi da tabarau!"

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Mayar da yashin, kada ɓarayi su gani. Baɗi tare za mu buɗe."

Haka al'adar aikinmu take: abin da ba a gama ba, a binne. Ni da ƙanena Fauzi muka binne. Baɗin ta zo, Doktora ba ta zo ba. Ciwo ya kama ta, ta rasu. Waɗanda suka biyo bayanta suka riƙa ce mini, "Baba, kawo shayi." Suka rubuta littattafai da gumina, babu sunana ko a gefe. Su an yafe musu haraji, ni 'yar rumfata ba wanda ya yafe mata. Sai na ɓoye musu maganar ƙofar nan, shekara ashirin da shida. Sufeto, daina hararata, ba ka tambaye ni ba!

Na uku. Fauzi ya rasu, saura ni kaɗai na san wurin. Yanar ido ta fara rufe mini gani, duwatsun da nake gane wurin da su sun fara haɗe mini. In baƙin nan ba su zo bana ba, ko suka zo suna ƙirga kwana, ƙofar nan da ni za a binne ta. Rai dai an ce dangin goro ne, nawa kuwa ya fara bushewa.

Saboda haka ku kawo tawada in dangwala. Ban huce ba, kada wani ya ce na huce. Sharaɗina ɗaya: ranar da za a buɗe, a rubuta Shahhat da Fauzi a littafinsu, a karanta mini da ƙarfi in ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a kwandunanku, Ya mai da kowa gida lafiya, ni kuma Ya ara mini ido zuwa ƙarshen hunturu. Na gode.