Baro Ya Karce Marsandi

A bakin kasuwa wani mai baro ya karce ƙofar tsohuwar Marsandi da aka ajiye. Bai gudu ba, ya tsuguna kusa da wani mai facin taya.

"Baba, na shiga uku. An ce masu Marsandi ba sa magana sai ta bakin ɗan sanda."

"Wa ya faɗa maka? Mai sabuwa ke kiran ɗan sanda. Mai tsohuwa ya riga ya ga duniya."

"Da ma Toyota na karce."

"Rufa wa kanka asiri! Mutumin da ke goge mota da hannun riga don ranar sayarwa? Sai ya bi ka har gida. Mai Honda kuwa, baƙin gilashi, kiɗa kamar gidan biki, kafin ka ce yi haƙuri ka sha mari. Kuncin nan nawa shaida ne."

"To in ya ƙwace baron fa? Na yayana ne."

Sai ga wani dattijo yana laluben makulli. Mai baro ya miƙe, ya nuna masa wurin.

Dattijon ya duƙa ya duba ƙofar da dama ta sha karce-karce. "Wanne ne naka a ciki, ɗana? Wannan dai jikana ne ya zana da ƙusa. Bar shi. In kana da ƙarfi zo ka tura ni, batir ya tsufa kamar mai shi."

Mai baro ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa motar, ya tura ta har da gudu.