Har Kuskuren Allurata Suka Kwafa

Salamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ce Rabi mai ɗinkin hula, daga Safo.

Bara wani ɗan kasuwar Ɗan Issa ya ari hular da na yi wata biyu ina ɗinki, wai zai gwada wa abokinsa. Ashe ƙasar Sin ya aika ta. Yau irinta ta inji ta cika kasuwa, ba mai kallon tawa. Har inda allurata ta karkace sun kwafa!

Ban yafe ba. Ran kasuwa zan kai bokitin ruwa ƙofar shagonsa, in tsoma tasa da tawa, kowa ya ga wadda za ta zuba.

Ina gaida maɗinka 'yan uwana, ku zo kallo. Shi kuwa, ya tanadi sabulu.